Babi na Bakwai: Farautar Faifan Jaz a Kasuwar Gwanjo

A ƙarshen shekarun 1980 faifan garmaho ya zama kayan da ake neman kai da shi. Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fito da shi a 1982, ya shigo da alƙawarin sauti tas, ba ƙaiƙayi ba tsalle. Iyalai a Amurka da Turai da Japan suka riƙa kwashe abin da suka tara shekara talatin suna kaiwa shagunan gwanjo kwali-kwali, wasu ma su ajiye a bakin titi kowa ya ɗauka. A wajenmu a Nijeriya kaset ya riga ya yi wannan aikin tun kafin CD ya iso, domin shi ana jin sa a mota da shago da gona, kuma ana kwafarsa a banza.

Waɗanda suka sunkuya suka tsinci abin da aka zubar a lokacin su ne masu dariya yau. A 2022 yawan faya-fayan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarce na CD, abin da rabon da a gani tun 1987. Tsofaffin faya-fayan jaz kuwa wasunsu sun yi tsadar da sai mai hannu da shuni. Sabon shiga yakan yi zaton ya makara, an riga an kwashe garaɓasar. Bai makara ba. Arahar tana nan, sai dai ta bar hannun mai sa'a ta koma hannun mai sani.

Daga bakin mabushi zuwa allura

Kafin mutum ya gane dalilin da faifai biyu masu suna ɗaya da kwali ɗaya za su bambanta a farashi ninki ɗari, sai ya san yadda ake yin su. Makaɗa suna shiga ɗakin ɗaukar sauti a naɗi kiɗansu a tef. Daga tef ɗin injiniya yake yanka sautin a kan farantin alminiyam da aka shafe da wani fenti mai laushi, allurar na'urarsa tana haƙa siririn tsagi guda ɗaya wanda ke zagayawa daga baki zuwa tsakiya. Da za a miƙe tsagin gefe ɗaya, zai doshi rabin kilomita. Daga wannan faranti ake samo na ƙarfe, a ɗora shi a injin matsi, ya danne curin roba mai zafi, faifai ya fito.

Farantin ƙarfen nan kamar hatimin ofis yake: bugun farko-farko yana fita raɗau, in aka daɗe ana dannawa sai rubutun ya fara dusashewa. Tef ɗin asali ma yana tsufa. Kamfani yakan canja hannu, sabon mai shi ya ba wani injiniya kwafin kwafin tef ya sake yankawa, a wata masana'anta, da roba mai arha. Bayan tashin farashin man fetur na 1973 kamfanoni da dama sun rage kaurin faifai, wasu suka riƙa narka tsofaffi suna cakuɗawa da sabuwar roba. Shi ya sa masu tarawa ke bin bugun farko, wanda aka yi lokacin da tef yake sabo, kuma a wasu kamfanoni wanda ya ɗauki sautin shi ne ya yanka shi da hannunsa.

Babban faifai mai faɗin inci 12, mai juyi 33 da sulusi a minti, kamfanin Columbia ne ya fito da shi a 1948. Kafin shi akwai mai juyi 78, wanda ake yi da wani irin ƙaro da ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya, ga nauyi ga saurin fashewa, kuma gefe ɗaya bai wuce minti 3 zuwa 5. Sabon faifan ya ba mabushi kimanin minti 20 a kowane gefe. Da wannan fili ne jaz na shekarun 1950 da 1960 ya miƙe ƙafa, kuma faya-fayan wannan zamani ne ake rububi.

Karatun da ba a kwali yake ba

A duk kamfanonin jaz babu wanda ake bin diddiginsa kamar Blue Note. Alfred Lion, Bayahude ɗan Berlin da ya tsere wa mulkin Hitler, shi ya kafa shi a New York a 1939, abokinsa Francis Wolff ya biyo shi, kuma shi ne ya ɗauki mafi yawan hotunan da ke jikin kwalayen. Lion yana da wata ɗabi'a da ba kowa ke da ita ba a lokacin: yakan biya makaɗa kuɗin kwanakin gwaji kafin ranar ɗauka. Mai ɗaukar sautin kuwa Rudy Van Gelder ne, likitan tabarau da rana, wanda ya mayar da falon iyayensa a garin Hackensack wurin aiki da dare, har zuwa 1959 da ya gina nasa a Englewood Cliffs.

Mai sani in ya ɗauki faifan Blue Note, ba ya tsayawa a kan kwali. Zai zaro faifan ya fara da takardar tsakiya, ya duba adireshi. In ya ga 767 Lexington Ave, to galibi yana riƙe da abin da ya fito kafin kamfanin ya tashi daga can a 1957. Bayansa akwai 47 West 63rd, sai New York USA, sai kuma wanda ke ɗauke da sunan Liberty, kamfanin da ya saye Blue Note a tsakiyar shekarun 1960. Daga nan zai karkata faifan wajen haske, ya duba ɗan filin nan mai santsi da ke tsakanin ƙarshen kiɗa da takardar. A nan ake samun haruffan RVG, ko an zana da hannu ko an buga, shaidar cewa Van Gelder ne ya yanka. Kusa da su akwai wata 'yar alama mai kama da kunne, tambarin masana'antar Plastylite ta New Jersey, wadda ta buga wa Blue Note faya-fayai har 1966. Sannan ya shafa takardar da yatsa, ya ji ko akwai wani zurfafan zobe da tsofaffin injuna ke bari.

In waɗannan alamu suka haɗu a faifan da ba a buga da yawa ba, farashi sai ya tashi sama. Faifan Hank Mobley mai lamba 1568, na 1957, ya sha haura dala 5,000 a kasuwar intanet. Haka *True Blue* na Tina Brooks, na 1960, shi kaɗai ne faifan da ya fito da sunansa yana raye. Brooks ya rasu a 1974 ba a san da shi ba. Mobley ya rasu a Philadelphia a 1986 yana da shekara 55, cikin ciwo da talauci. Ko sisi daga wannan tsada bai shiga aljihunsu ba. Duk mai son kiɗan nan ya kamata ya riƙe wannan a ransa, don kada son kaya ya rufe masa ido ga mutanen da suka hura ransu a ciki.

Inda arahar ta ɓuya

Bugun farko ba kullum ne ya fi daɗin ji ba. *Kind of Blue* na Miles Davis, wanda aka ɗauka a watannin Maris da Afrilun 1959, babu faifan jaz da ya kai shi kasuwa. Amma na'urar da ta naɗi tef ɗin da aka yi amfani da shi tana ɗan jan ƙafa a ranar farko, saboda haka gefen farko na bugun sitiriyo ya fito da ɗan sauri, muryar kayan kiɗan ta ɗan haura inda aka busa ta. Sai a 1992 aka gyara. Wanda ya kashe dukiya a kan bugun 1959 ya sayi tarihi. Wanda ya sayi na baya-bayan nan ya fi shi kusa da abin da makaɗan suka ji a ɗakin.

Wanda kunne ya kawo shi kasuwa, ba alfahari ba, yana da ƙofofi da yawa. Ta farko ita ce bugu na biyu da na uku waɗanda aka yi da farantan ƙarfen asali. Faifan Blue Note na zamanin Liberty, har da wasu na shekarun 1970 masu shuɗiyar takarda, sau da yawa yana ɗauke da sunan Van Gelder a gefen nan mai santsi. Hannu ɗaya ne ya yanka su, amma kuɗinsu bai kama ƙafar na farko ba.

Ta biyu ita ce jerin Original Jazz Classics, wanda kamfanin Fantasy ya fara a farkon shekarun 1980, yana sake buga taskar Prestige da Riverside da Contemporary da kwalayensu na asali. A nan mutum zai samu Sonny Rollins da Bill Evans da Thelonious Monk da John Coltrane na farko-farko, da sauti mai tsabta, a kuɗin da ɗan makaranta zai iya. Ta uku bugun Japan ne. Kamfanonin King da Toshiba sun sake buga Blue Note a shekarun 1970 da 1980 da roba mai kyau ƙwarai, kuma mutanen Japan sun iya adana kaya. Shagunan Disk Union na unguwar Shinjuku a Tokyo har yau matattara ce ta masu wannan farauta daga ko'ina a duniya.

Ta huɗu kuwa kamfanonin da 'yan yayi ba su waiwaya ba: Pablo na Norman Granz, wanda ya tara dattawa irin su Count Basie da Oscar Peterson da Ella Fitzgerald daga 1973, SteepleChase na Denmark, Muse, Concord, da ECM na birnin Munich. Sannan akwai kwantai. In ka ga kwali da huji ko an datse masa kusurwa, alama ce kamfani ya kasa sayar da shi ya karyar da farashinsa. Masu neman na ado suna ƙyamar irin wannan, alhali sau da yawa faifan da ke ciki allura ba ta taɓa hawa kansa sosai ba.

Shafin Discogs, wanda aka buɗe a 2000, ya sa kowane mai shago yana iya duba farashi a wayarsa cikin minti ɗaya. Wannan ya kashe tsintuwar da ake yi a da a kan sanannun sunaye. Amma waya suna take nema. Ba ta san cewa mai gangar da aka rubuta da ƙananan haruffa a bayan wani kwali da ba a sani ba shi ne Billy Higgins ko Roy Haynes ba. Wanda ya saba karanta bayan kwali, ya san wa ya yi kiɗa da wa a wace shekara, shi ke zaro zinariya daga kwandon da aka rubuta wa dala ɗaya.

Duba kafin ka biya

Masu magana sun ce araha ba ta ado, kuma faifan da ya lalace ko kyauta aka ba ka ya yi tsada, domin zai ci maka allura. Ka zaro shi a hankali, babban yatsa a baki, sauran yatsu a ƙarƙashin takardar tsakiya, kada ka taɓa tsagin. Ka fita da shi bakin ƙofa inda haske yake, ka juya shi sannu. Zane iri biyu ne. Akwai na sama-sama wanda takardar ciki ke bari, wannan ba ya magana. Akwai wanda in ka bi shi da gefen farce za ka ji ya kama, wannan kowane zagaye sai ya yi ƙara. Ka ɗaga faifan daidai idonka ka hango shi ta gefe, ka ga ko ya tanƙware. Ka duba bakin hujin tsakiya: in ya cika da ƙananan zane-zane, mai shi ya sha lalube da shi a kan na'ura, wato an ji shi ba adadi. Ka kuma shinshina kwalin, domin warin hunhuna ba ya ɓoyuwa.

Mugun ciwon shi ne wanda ido ke wucewa. Tsofaffin na'urori masu nauyin hannu da dakusasshiyar allura suna cinye bangon tsagi. Faifan zai yi ƙyalli, sai dai ɗan toka-toka a wuraren da kiɗa ya yi ƙarfi, amma da zarar kakaki ya ɗaga murya sai ka ji ta tsage. Wannan ba ya wankuwa. Na'urar zamani nauyin da allurarta ke ɗorawa bai wuce kimanin giram 2 ba, na da kuwa sukan ninka haka sau da yawa. In da hali, ka roƙi mai kaya ya sa maka waƙar ƙarshe ta kowane gefe, domin can ciki ne lalacewa ke fara bayyana. Masu sayarwa a intanet suna da ma'auninsu: NM na nufin kamar sabo, VG+ an ji shi amma da kulawa, VG akwai ƙaiƙayi, G kuwa sai dai haƙuri. Mai neman sauti da sauƙin kuɗi, VG+ ne gidansa.

Datti kuwa kada ya tsorata ka. Faifan da ƙura ta lulluɓe yakan fito tas bayan wanka da tataccen ruwa da ɗigon sabulun ruwa, a bi tsagin da tattausan ƙyalle, a kare takardar tsakiya, a bar shi ya bushe a inuwa. Mai juyi 78 dai kada sifirit ya kusance shi, narkar da shi yake yi.

Ciniki da amana

A shago, inda mai kaya ya san sana'arsa ya sa farashinsa, duk abin da ka tsinta rabonka ne. Ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, ya sallama. Amma mafi yawan faya-fayan kirki ba daga shago suke fitowa ba. Daga gidajen da aka yi rasuwa suke fitowa, ko hannun dattijon da ƙarfinsa ya ƙare yana neman kuɗin magani. Zai jawo maka akwati daga ƙarƙashin gado ya ce, "Ɗana, duba ka gani, ko nawa ka bayar Allah ya amfana." Ka ɗaga murfi ka ga abin da ka san ya fi kuɗin duk kayan ɗakin.

A nan ne ake gane mutum. Sanin da ya ba ka ikon gane faifan shi ne ya ɗora maka nauyin faɗin gaskiya. "Baba, waɗannan na gama-gari ne, ga abin da zan iya biya. Amma wannan guda ɗaya yana da daraja, kada ka sallamar da shi haka." Wataƙila ka rasa faifan, wataƙila ya ce ka kawo abin da ya sawwaƙa tunda ka yi masa adalci. Ko ta yaya ta kaya, za ka saurari abin da ka saya ba tare da wani abu yana sukar zuciyarka ba, kuma gobe in maƙwabcinsa zai fitar da nasa, kai za a aika a kira.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Tun farkon shekarun 2000 masu farauta daga Turai da Amurka suke zagaya Legas da Kwatano da Accra suna sayen tsofaffin faya-fayan Afirka ta Yamma. Wasu, irin kamfanonin Soundway da Analog Africa, sun sake fitar da kiɗan ga duniya, sunayen da aka manta suka dawo. Amma faya-fayan da aka kwasa sun tafi ke nan, kuma da yawa an saye su ne a hannun waɗanda ba su san abin da suke riƙe da shi ba.

Abin da ke kusa da mu

Jaz ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Louis Armstrong ya zo Accra a 1956, ya zo Nijeriya a 1960. Randy Weston ya zo Legas a 1961. A 1962 Art Blakey ya fitar da *The African Beat* a Blue Note tare da makaɗin Nijeriya Solomon Ilori, wanda shi ma kamfanin ya fitar masa da nasa faifan a 1963. Masu akwatin rediyo sun daɗe suna kama shirin jaz na Willis Conover a Muryar Amurka. Ma'aikatan gwamnati da malaman jami'a da ɗaliban da suka dawo daga Ingila da Amurka sun shigo da faya-fayai cikin akwatunansu, suka jera su a falo kusa da rediyo mai garmaho, a Kaduna da Jos da Samaru da Sabon Garin Kano.

Mafi kusa da mu duka shi ne Yusef Lateef, mabushin da ya tashi a Detroit, ya musulunta tun yana matashi, ya yi suna da faifansa *Eastern Sounds* na 1961. Daga 1981 zuwa 1985 yana Zariya, yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya mai da hankali a kan sarewar Fulani. A 1983 cibiyar ta fitar da faifansa mai suna *Hikima*, wanda ya yi da makaɗan gida, kuma a shekarar ya ɗauki *In Nigeria* a Legas. Bugun asali na *Hikima* yana cikin faya-fayansa mafi wuyar samu. Mai tara jaz a Tokyo ko Landan sai ya sha wahala kafin ya gan shi, alhali daga Zariya ya fito, kuma ba abin mamaki ba ne a ce akwai kwafinsa a wani sito a garin, tsakanin tsofaffin takardun lacca.

Sai dai yanayinmu ba ya raga wa faifai. Zafin bazara da ke haura digiri 40 yana lanƙwasa roba, musamman a ɗaki mai rufin kwano ko bayan mota. Ƙurar hunturu tana shiga tsagi ta zama yashi a ƙarƙashin allura. Damina tana kawo hunhuna, gara kuma ta cinye kwali ta bar faifai tsirara. Abin da ya tsira shekara hamsin a irin wannan hali ya cancanci a tsayar da shi a tsaye, kada a jibge shi a kwance, a sa masa sabuwar rigar ciki, a nisanta shi da taga da ƙasa.

Kuma akwatin da ke ɗauke da Armstrong ko Jimmy Smith, sau da yawa a cikinsa za ka tarar da Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Rex Lawson da Fela na farkon zamani. Na Blue Note in ya lalace a Kano akwai dubbansa a wasu ƙasashe, kuma ana ci gaba da sake buga shi. Na Shata in ya narke, mai yiwuwa ne wannan ɗaukar ta tafi har abada. Saboda haka idon da ka horar a kan adireshin Lexington da tambarin kunne, ka juyo da shi gida. Ka tambayi dattawan gidanku ina faya-fayan suka shiga. Ka wanke abin da ka samu, ka rubuta sunan mai shi na farko da garin da ya saya, ka naɗi sautin a kwamfuta, sannan ka kira yara su zauna su ji gefe ɗaya daga farko har ƙarshe. A babi na gaba za mu duba na'urar da za ta yi wannan aiki ba tare da ta cutar da faifan ba, da yadda ake samun ta a gwanjo ita ma.